Baba Zacharias Mai Molo, Wanda Ya Riƙe Wa Mutane Takensu

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu a Ushafa, ta bayan inda mata ke gasa tukwane, ya san abin da Baba Zacharias ke fara yi da safe. Kafin ya sha kunu zai fito da molonsa, ya jingine shi a katanga inda rana ke fara sauka, don fatar ta sha ɗumi ta miƙe. Sai ya ɗauki fartanya ya zagaya 'yar gonarsa ta bayan gida, ya duba doya da gyaɗa, ya dawo ya wanke hannu. Daga nan ya zauna a kan kututturen ƙofar gida, ya ɗora molon a cinya, ya ja tsirkiya ya saki, ya ja ya saki, har sai kunnensa ya gamsu. Sannan ya fara kiɗa. Ba biki ake yi ba, ba kuma wanda ya gayyace shi. Mu da ke sauri mu kama motar cikin gari mukan wuce mu ce, "Baba, ina kwana?" Ya ɗaga mana haɓa, yatsunsa na ci gaba da aikinsu.

Na daɗe ina zaton nishaɗi kawai tsohon ke yi. Wata Asabar da ba ni da ofis sai na tsaya na tambaye shi.

Ya ce, "Oga Abdulmajeed, ba wasa nake yi ba. Gaisuwa nake zuwa. Yau na gaida mutanen wannan gida, gobe na wancan. In na bar su da daɗewa, zan manta su."

Sai daga baya na fahimci maganar. Kowane kiɗa da yake yi da safe taken wasu mutane ne, yana bin su ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya kuɓuce masa. Ba ya da su a takarda, ba ya da su a kaset. A kansa suke, da cikin yatsunsa.

A wannan wata ne Baba Zacharias ya daina zuwa kiɗan biki da na makoki, bayan hidimar da ya fara tun yana saurayi. Ba wanda zai ba shi lambar yabo, ba kuma jaridar da ta san da zamansa. Shi ya sa na ga ya kamata ni, maƙwabcinsa, Bakano da aikin gwamnati ya kawo Abuja, in faɗa wa jama'a ko wane ne shi.

An haife shi a wani ƙauyen Gbagyi da yau babu shi. Inda gidansu yake a da, titi ne mai faɗi da dogayen gine-gine. Mahaifinsa shi ne makaɗin ƙauyen, kuma a wurinsa ya koyi cewa kowane gida yana da takensa. Akwai na maharba, akwai na maƙera, akwai na mata masu gina tukunya, akwai wanda ake yi wa matan da suka dawo daga daji da itace a kafaɗa. Akwai na gayya, na kai amarya, da na raka tsoho makwancinsa. Da aka tashe su don a gina babban birni, mutane suka watse, wasu suka yi Kubwa, wasu suka yi wajen Bwari, wasu ma suka bar yankin gaba ɗaya. Mahaifinsa bai jima ba bayan tashin ya rasu. Aka bar Zacharias, saurayi, da molo da kiɗe-kiɗen garin da yanzu babu shi.

Da yawa a matsayinsa da sun rataye molon sun nemi abin yi. Shi ma ya nemi abin yi, ya shiga aikin lebura a wuraren da ake gine-gine, amma da molonsa yake tafiya. A can ya haɗu da mutanen da bai taɓa jin harshensu ba: Tibi, Nufawa, Idoma, Yarbawa, da Hausawan da suka zo daga nesa. Idan an tashi cin abincin rana, ko ranar Lahadi da ba aiki, sai wani ya fara rera waƙar garinsu don kewa. Zacharias zai matso ya kasa kunne. In mutumin ya gama ya ce, "Sake." Kafin a koma ɗaukar kwanon siminti, molo ya kama waƙar. Haka ya tattara kiɗan mutanen da aka tasa daga Abuja, ya haɗa da na mutanen da suka gina ta.

Na taɓa tambayarsa ko nawa ne duka. Ya yi dariya ya ce, "Kai ka san yawan mutanen da ka sani?"

Mama Serah, mai gina tukwane a ƙarshen layinmu, ita ta ba ni labarin abin da ya faru ranar da mahaifinsu ya rasu. Ƙannenta maza biyu ne. Leonard dattijo ne a coci, Kabir kuwa ya musulunta tun yana makaranta, har ya je Makka. Tsohon nasu bai bi wannan ba, bai bi wancan ba, a kan al'adar kakanninsa ya zauna har ya tafi. Gawa na kwance a ɗaki, sai gardama ta tashi a tsakar gida. Leonard ya ce fasto zai zo. Kabir ya ce shi ya riga ya yi wa liman magana. Magana ta yi zafi, aka fara tono tsofaffin abubuwa, matan gidan suka rabu biyu, rana kuma tana ta yi.

"Ni dai kuka kawai nake yi," in ji Mama Serah. "Na ce yau za mu ji kunya a garin nan. Sai na ji molo daga ƙarƙashin mangwaro."

Baba Zacharias ne. Ba wanda ya ga shigowarsa. Ya zauna can gefe, ya fara buga taken gidan su Mama Serah, wanda ake yi wa kakansu a tsohon ƙauye. Daga nan ya juya zuwa wani kiɗa da tsohon yakan sa a yi masa ranar gayya, lokacin da 'ya'yan nan biyu suna ƙanana, suna bin bayansa a kunya da 'yan fartanyunsu. Mama Serah ta ce Kabir ne ya fara yin shiru. Ya tsaya da baki buɗe kamar an kira sunansa. Leonard ya nemi wuri ya zauna a kan turmi, ya rufe fuska da hularsa.

Da ya gama, Baba ya ce musu, "Ni ban san wanda ya fi gaskiya a cikinku ba, ba aikina ba ne. Amma babanku ya ce mini ranar da zai tafi in buga masa wannan, kuma ya ce 'ya'yansa su tsaya kusa da juna su ji. Na yi nawa. Saura naku."

Kafin la'asar aka binne tsohon kusa da matarsa. Leonard da Kabir ne suka shiga ramin tare suka karɓe shi. Bayan an rufe, kowa ya koma gefe ya yi masa addu'a yadda ya iya. Yau in ka je gidan ranar Sallah za ka tarar da 'ya'yan Leonard suna cin nama, ranar Kirsimeti kuma na Kabir ne ke fara zuwa da kwanukansu.

Baba, kai ne ka shiga gidan nan ba da wa'azi ba, ba da faɗa ba. Ka san abin da mutanen biyu suka manta, ka kuma san lokacin da ya dace a tuna musu.

Ni ma ina da nawa da na gani da idona. Bara surukina, Malam Hadi, ya zo daga wajen Gumel don a yi masa aiki a ido. Mutum ne mai tsananin riƙo da addini, rabonsa da zama ya saurari kiɗa tun kafin a haifi matata. Da likita ya ɗaga ranar aikin, sai tsohon ya tubure. Ya ce garin nan ba nasa ba ne, bai san kowa ba, ba ya jin maganar kowa, a mayar da shi gida ko da zai makance. Ya rage cin abinci. Matata Maimunat ta yi lallashi har ta gaji. Mun san in ya koma ba zai sake dawowa ba, idon kuma ba zai jira ba.

Wata safiya na shimfiɗa masa tabarma a waje ya sha iska. Baba Zacharias ya ƙetaro ya gaishe shi, ya tambaye shi daga ina. Da ya ji sunan garin sai ya ce, "A'a! Na yi aiki da wani mutuminku, Salisu, mai garaya. Tare muka yi ta kwaɓa siminti. Bari ka ji wani abu."

Na so in hana, don na san halin surukina. Ban kai ga buɗe baki ba Baba ya ɗauko molo. Wani kiɗa ya fara mai sauri, mai tsalle, wanda ban taɓa jin ya yi ba. Malam Hadi ya haɗe rai, ya ce, "Astagfirullah." Amma da na duba ƙasa, babban yatsan ƙafarsa yana motsi. Can sai ya ɗago kai.

Ya ce, "Kai, bawan Allah, a ina ka samo wannan? Taken manoman garinmu ne. Da shi ake zuga mu a gona ina saurayi. Waɗanda suka iya shi duk sun mutu."

Baba ya ce, "Salisu ya ba ni ajiya. Bai dawo ya karɓa ba."

Ranar surukina ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Kullum da hantsi sai ya ce a kai masa tabarma ƙofar gidan Baba. Ba kullum ake kiɗa ba, yawanci hira suke yi ta noma da ta ciwon gwiwa, Hausar wannan daban, ta wancan daban, suna ta gyara wa juna. Ya zauna har aka yi aikin, ido ya buɗe. Ranar da zai tafi ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Na zo garin da na ce ban san kowa ba, ashe garinmu na nan a ƙofar gidanka."

Irin waɗannan labarai suna da yawa. Amaryar Tibi da aka kawo unguwarmu tana kuka, ya buga mata na garinsu har ta tashi ta taka. Tsofaffin ƙauyensu da ke Kubwa sukan aiko a ɗauke shi in ɗayansu ya kwanta ciwo, don kawai ya ji taken gidansu. Bai taɓa tambayar ko gidan masu hali ne ko na talakawa ba, bai taɓa tambayar ko coci suke zuwa ko masallaci ba. Abin da yake tambaya ɗaya ne: "'Ya'yan wane ne?"

Sai ciwo ya zo. Sanyin ƙashi ya kama masa yatsu, gaɓoɓin suka kumbura suka fara lanƙwashewa. Da farko ya ɓoye. Amma mu da muke jin sa kullum mun lura kiɗan safe yana gajarcewa, wani lokaci ya tsaya a tsakiya. Wata rana na same shi zaune, molo a ƙasa, yana kallon hannuwansa.

Ya ce, "Oga, duk suna nan a kaina, ko ɗaya bai tafi ba. Amma in na aike su hannu, hannu ya ƙi karɓa."

Ban taɓa ganinsa cikin damuwa irin ta ranar ba. Ba ciwon ne ya dame shi ba. 'Ya'yansa maza ba wanda ya koya, ɗaya yana Legas yana tuƙi, ɗayan kuma ya ce shi ba zai iya zaman ba. Samarin gari sun fi son kiɗan waya. Baba ya san in ya tafi a haka, gidaje da yawa za su wayi gari ba su da take, kuma ba za su ma san sun yi rashi ba sai ranar da suka nema.

'Yarsa Lydia ce ta kawo mafita. Malamar firamare ce a Bwari, matar aure mai 'ya'ya uku. Wata Lahadi bayan coci ta zo gaishe shi, ta ga molon a jingine, ta ɗauka ta buga taken gidansu daga farko har ƙarshe. Da kurakurai, amma shi ne. Ashe tun tana yarinya take ɗauka a ɓoye in ya tafi gona.

Baba ba ya raba "ka" da "ki", kowa "kai" ne a wurinsa. Ya dube ta ya ce, "Kai, tun yaushe? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ta ce, "Baba, ai an ce ba na mata ba ne."

Haka kuwa wasu dattawa suka ce da labari ya bazu. Suka zo har gida suka same shi, suka ce ba a taɓa yi ba, mace ta zauna gaban makoki da molo. Baba ya saurare su har suka gama. Sannan ya miƙa musu molon ya ce, "To, a cikinku ko cikin 'ya'yanku wa zai karɓa? Ga shi." Ba wanda ya miƙo hannu. Ya ce, "Ranar da ɗayanku ya kwanta, kuna so a raka shi da takensa ko a raka shi shiru?" Suka tashi suna gunaguni. Bayan 'yan kwanaki babbansu ya aiko jikarsa ta tambaya ko Lydia ta riga ta koyi na gidansu.

Baba, a nan ne na ƙara ganin girmanka. Abin da ka gada daga mahaifinka ne, kana da ikon ka ce da kai za a binne shi. Ka zaɓi ka sha maganganu da tsufanka don ya rayu.

Tun daga lokacin, duk yammacin da Lydia ta taso daga makaranta tana ƙofar gidan. Yadda yake koyarwa abin kallo ne. Ba ya fara da kiɗa. Sai ya fara ba ta labarin mai taken: wane ne, me yake nomawa, wa ya aura, ina jikokinsa suke yanzu. Sannan ya rera da baki, ita kuma ta nemo shi a tsirkiya. In ta kauce ya buga mata gwiwa da bayan hannu. Ya yarda tana ɗauka a waya don ta riƙa bita a gida, amma ya ce kada ta kuskura ta je gidan mutane tana leƙa waya. "In kana kallon waya, wa zai kalli fuskar masu gida?" Daga baya wani ɗan acaba da wata ma'aikaciyar jinya suka shigo, suka zama su uku.

Asabar da ta wuce aka yi taron ajiye molonsa, a filin da ke gaban gidansa, bayan azahar. Ba a buga kati ba, amma mutane suka cika wurin. Motoci suka zo daga Kubwa da Kwali da Paikon Kore. Mama Serah ta kawo sabuwar randa ta ce kyautarsa ce. Leonard da Kabir suka zo a mota ɗaya. Baba ya buga ɗan gajeren kiɗa da kansa, a hankali, yana cije leɓe, sannan ya tashi ya ɗora wa Lydia molon a cinya a gaban kowa.

Ta fara da kyau. Ta yi na maharba, ta yi na masu tukwane, mata suka yi guɗa. Sai wata tsohuwa daga cikin mutanen Kubwa ta ɗaga murya ta ce a yi musu na tsohon ƙauye, wanda ake yi in gari duka ya taru. Kiɗa ne mai tsawo, mai juye-juye. Lydia ta shiga, ta yi nisa, sai ta tsaya cak. Ta koma baya ta sake, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Na ga gumi a goshinta. Ta juya ta kalli mahaifinta.

Ina kusa da shi, na ga bakinsa ya motsa kamar zai rera mata, sai ya fasa. Ya naɗe hannuwansa ya sunkuyar da kai.

Tsohuwar da ta nemi kiɗan ce ta ɗauka da baki, daga daidai inda ya tsaya, da wata siririyar murya mai rawa. Ta kusa da ita ta kama. Wani tsoho mai sanda ya shigo da tasa muryar. Kafin ka ce me, duk layin tsofaffin nan yana rerawa, mutanen da suka watse tun suna matasa, wasu ma ba su sake haɗuwa ba sai ranar. Lydia ta kasa kunne, yatsunta suka lalubo hanya, molo ya shiga ƙarƙashin muryoyin ya ɗauke su har ƙarshe. Mutane suka miƙe tsaye. Wasu na tafi, wasu na share hawaye.

Da aka natsa na tambaye shi me ya sa bai taimake ta ba.

Ya ce, "In na taimake shi yau, gobe da ba na nan wa zai kalla? Gara ya san masu abin suna nan. Ni ma na ɗauka ni kaɗai na rage. Ashe ban sani ba."

Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin kumatunsa.

Baba Zacharias, na Ushafa, mai kunnen da ba ya zubar da ajiya, mun gode. Mun gode a madadin waɗanda ka raka da takensu, da waɗanda ka sasanta, da baƙin da ka sa suka ji kamar suna gida. Ka ɗauki kayan mutane shekara da shekaru ba wanda ya ɗora maka, ka kuma sauke su a hannun da zai iya. Allah ya sassauta maka ciwon nan, ya ba ka tsawon rai ka ga ɗaliban Lydia suna koyar da nasu.

Ku kuma da kuka karanta wannan, kusan kowane gida yana da irin Baba. Wataƙila kakarku ce da ta san waƙoƙin daka, ko wani kawu da ya iya busa sarewa ya daina don ba mai tambaya. Ba sai an shirya taro ba. Ku je ku zauna kusa da su a wannan makon, ku ce su yi muku ɗaya, in sun gama ku ce su koya muku. Za su ce sun manta. Ku ƙara roƙo, ba su manta ba.